Yadda Innarmu ta samu motsa jikin da ya zauna mata bayan uku sun watse

Inna ƙanwar mahaifiyata ce, a hannunta nake tun da na zo Yamai karatu. Shekarunta sun kusa hamsin, gidanta a Banifandu yake, tana da shago a babbar kasuwa inda take saida atamfa da leshi da shadda. Lamarinta nake so in baje tun daga farko har inda muke yanzu, don na san kusan kowane gida akwai irinta, uwa ko yaya ko goggo da likita ya ce ta riƙa motsa jiki, ta fara da zafinta, sati biyu uku ta aje, sai ƴan gida su ce ai ragwanci ne. To Inna dai ba raguwa ba ce. A ƙauyen Adar ta tashi can wajen Tawa, ta yi daka tun da asuba, ta ja guga a rijiya mai zurfi, ta ɗauko itace a ka daga daji tun tana ƙarama, kuma ko yanzu a kasuwa ba wanda zai ce maka tana wasa da nema.

Amma in ka duba yininta na yanzu za ka ga jikin ba ya yin komi. Ta tashi asuba ta yi salla ta zauna kan tabarma ta yi azkar, ta koma ta ɗan kishingiɗa, ƴar aiki ce ke shara da wanke-wanke, wajen tara ta fito ta hau taksi kusan daga ƙofar gida har bakin kasuwa, ta shiga shago ta zauna kan kujera, yaron shago ne ke hawa ya sauko da kaya ya ninke ya maida, abinci ma kawo mata ake har inda take, shinkafa da miya mai ya kwanta a sama ga lemun kwalba mai sanyi ko bisap, bayan la'asar a rufe ta sake hawa taksi, da dare tuwo bayan isha sai tele sai barci. Gajiya kam tana kwasowa, amma gajiyar magana ce da lissafi da zafi da jan ciniki, ƙafa ba ta taka ko'ina ba. Shi ya sa ranar farko da aka ce mata ta motsa jiki ta ji haushi, ta ce ni da nake fita tun safe sai yamma mi kuma za ni motsa.

Abin da ya kai ta likita ciwon kai ne na ƙeya da jiri in ta miƙe. A CSI, ƙaramin asibitin unguwa, majo ya auna tansiyo ya samu 16/10, ya ce ta huta ta dawo, ta dawo aka sake aunawa bai sauka ba. Ga wanda bai saba da lissafin ba, 14/9 da muke faɗa shi ne 140/90, daga nan zuwa sama in ya tsaya a haka ana kiransa hawan jini. Aka yi mata analiz na sukari da safe ba ta ci komi ba ya fito 1,18. Ciwon sukari daga 1,26 yake farawa, tsakanin 1,10 da 1,25 kuwa mutum yana bakin ƙofa ne, bai shiga ba amma bai yi nisa ba. Sikeli ya nuna kilo 94. Aka rubuta mata ordonans, aka ce ta rage gishiri da dunƙulen miya, sannan aka ce Hajiya ki riƙa yin espor. Iyakar bayanin kenan, kuma ban ga laifin majon ba don layin da ke bayanta ya kai har waje, sai dai ita ta fito da kalma ɗaya a hannu ba ta san ta ina za ta kama ta ba.

Gwajin farko sal ce, wato ɗakin motsa jiki na kuɗi. Wata ƙawarta ta wajen foyandi ce ta ja ta, ta biya jika goma sha biyar na wata, ta sai takalmin basket da dogon wando. Tun daga nisa aka fara samun matsala, taksi biyu take shiga kafin ta kai, lokacin kuma na yamma ne wanda ya ci karo da rufe shago da sallar magariba. Ciki ga kiɗa ga madubi bango guda ga maza na shiga suna fita, ita kuma mace ce da ko a gida ba ta zama ba ɗankwali. Mai koyarwar yaro ne sa'an ɗanta, ya haɗa ta da ƴan mata masu shekara ashirin suna tsalle suna durƙuso, ita ma don kar a ga kasawarta ta dage ta bi su. Kwana biyu bayan nan ko tsugunno a bayi ya gagare ta, cinyoyi sun ɗaure. Wannan ciwon sananne ne, duk wanda ya sa naman jikinsa aikin da bai saba ba zai ji shi, yakan tsananta kwana ɗaya zuwa uku sannan ya wuce da kansa, ba alamar an ɓata wani abu ba ne. Amma ba wanda ya gaya mata haka tun farko, sai ta ɗauka jikinta ne ya ƙi. Ta ƙara zuwa ƴan kwanaki ta daina, kuɗin watan suka tafi.

Na biyu babban ɗanta ne ya kawo shi. Ya ce Mama ki bar biyan kuɗi, estad kyauta ne, ya riƙa ɗaukarta a moto ranar Asabar da Lahadi zuwa filin wasa na Seyni Kountché. Wurin kam yana da kyau don wannan aikin, da safe da yamma za ka tarar da mutane suna kewaya shi, sojoji, ma'aikatan buro, ɗalibai, mata da hijabinsu, ba mai kallon wani. Da tafiya kawai ya bar ta ta yi ina jin da abin ya ɗore. Sai dai shi a ganinsa in ba gudu aka yi ba ba a yi komi ba, ya ce ta riƙa ɗan sassarfa tana bin shi, mace mai kilo casa'in da wani abu wadda rabonta da gudu tun tana budurwa, a kan ƙasa mai tauri. Gwiwar dama ta kumbura. Kuma ko ba gwiwar ba dama abin ya rataya ne a wuyan saurayin da ke kwana a fada ana shayi ana kallon bal, ranar da bai tashi ba ba fita. Abin da ya fi ƙona mata rai a wannan karon shi ne gwiwar ta kai ta ga yin salla a kan kujera. Na ga ranar da ta jawo kujerar roba kan dardumarta, ba ta ce komi ba amma ranta a ɓace yake yini guda.

Na uku ba ma motsa jiki ba ne amma dole in faɗe shi don mata da yawa nan suke faɗawa. A wani gurup na WhatsApp ake tallar shayin rage tumbi da wata ɗamara ta roba da ake ɗaurawa a ciki wai tana narka kitse. Ta saya. Shayin gudawa yake sa ta, kilo biyu suka sauka cikin sati ta yi murna, alhali ruwan jikinta ne ya fita, tana bari suka dawo. Ɗamarar kuwa zufa kawai take sawa, zufa kuma ruwa ne da gishiri, kitse ba ta nan yake fita ba. Ga mai shan maganin tansiyo a garin da zafi ke wuce 40 a watan Afrilu da Mayu, abin da ke tsotse ruwan jiki haka hatsari ne sosai, yana iya kada mutum yana iya taɓa ƙoda. Da jiri ya ɗebe ta a shago wata rana har sai da maƙwabtan shago suka riƙe ta, ta zubar da sauran da kanta.

Daga nan ta rufe babin. Zafi ya shigo, azumi ya zo, ta ce ita magani kawai za ta riƙa sha, abin da Allah ya rubuta shi za ya faru.

In ka haɗa ukun nan za ka ga ba wanda ya dubi rayuwarta kafin ya ba ta shawara. Kowa abin da ya dace da shi ya miƙa mata, ƙawar tana da mota da direba kuma ba ta zaman shago, ɗan yana da gwiwar ɗan shekara ashirin da biyar, mai shayi kuɗi take nema. Kuma akwai wani tunani da muke da shi a ƙasar nan cewa espor na ƙarfafa ne. Muna son kokowa kamar me, tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975 kusan duk shekara gari ke tsayawa a kalla, mijin Inna ba ya ɗaga ido daga tele in Issaka Issaka ya shiga fili, mun yi murna da Alfaga ya ciyo azurfa a Rio a 2016, to sai ya zama in an ce motsa jiki hoton da ke zuwa ma mutum kenan, ƙato yana zufa. Dattijuwa mai zane da hijabi ba ta ganin kanta a ciki.

Abin ya juya ne da ta koma sabunta ordonans ta tarar da wata likita mace. Ita wannan tambayoyi ta yi ta yi, ƙarfe nawa kike tashi, wa ke dafa abinci, da mi kike zuwa kasuwa, wane lokaci ne cikin yini ba mai nemanki. Inna ta yi shiru ta ce bayan asuba, kafin yara su fara shirin lakwal. Likitar ta ce to nan za mu sa shi, kuma tafiya ce kawai ba gudu ba, minti goma za ki fara, biyar zuwa biyar dawowa, ko kin ji kina iya fin haka kar ki ƙara sai sati ya cika. Ta ba ta ma'auni mai sauƙi, ki yi saurin da numfashinki zai ɗan ɗaga amma kina iya magana da na kusa da ke, in magana ta gagara kin yi yawa ki rage. Ta gaya mata inda ake so a kai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 a sati na irin wannan motsin, wato minti 30 sau biyar, kuma ba dole sai a haɗe ba, goma nan goma can duk ana lissafawa, sannan kwana biyu a sati a ɗan yi abin da zai ƙarfafa naman jiki. Ta kuma ja mata kunne, in kin ji ƙirji ya ɗaure ko ciwo na tafiya hannu ko haɓa, ko numfashi ya sarƙe, ko jiri, ki tsaya nan take ki zo, kuma magani ba a aje shi don an fara tafiya.

Da ta dawo gida ta ba ni labari na ce Inna ai wannan mai sauƙi ne, ta ce ɗiyata ke ba ki san komi ba, matar aure ta hita da duhu ita ɗai mi mutane za su ce. Kuma gaskiyarta. A Yamai rana tana daɗewa ba ta fito ba, lokacin sanyi sai an wuce bakwai, in an sallame asuba lungu baƙi ƙirin yake ga karnuka ga ɓarayin moto da ake ta labari. Ga kuma Alhaji mijinta, da farko cewa ya yi ta yi ta zagaye tsakar gida mana. Tsakar gidan taku goma sha ne ka kai bango, ta gwada safiya biyu ta ce kanta juyawa yake.

Wadda ta warware wannan maƙwabciyarmu ce, tsohuwar malamar lakwal da ta yi ritaya, mijinta ya rasu, kowa Madam yake ce mata. Ita ciwon sukari gare ta tun da daɗewa kuma takan fita ita kaɗai wani lokaci ta yi wani lokaci ta bari. Inna ta shiga gaishe ta maganar ta taso, suka yi alkawari. Da Alhaji ya ji da Madam ce bai ƙara cewa komi ba don mace ce da duk unguwa ke girmamawa, rabin samarin layin ita ta koya masu karatu. Suka tsaida lokaci, ba da duhu ba, sai gari ya fara wayewa ana gane fuskar mutum. Hanya ɗaya suke bi kullum, su fita lungunmu mai rairayi su hau pabe su miƙe har wani masallaci su juyo, da ƙafa ta saba suka maida alamar wata farmasi da ke gaba, yanzu har rompuwan suke kaiwa.

Akwai wani ɗan abu da a ganina shi ya riƙe tafiyar fiye da komi. Azkar ɗin safe da take yi zaune kan tabarma ta ɗauke shi ta maida kan hanya. Casbi a hannu, zuwa kowa na jan nasa ba a magana, dawowa ne ake hira. Kenan ba wani sabon aiki ta ƙara ma yininta ba da za ta ce yau ba lokaci, abin da ta shekara talatin tana yi a wannan lokacin ne, wurin yinsa kawai ya sake. Kuma ya kashe bakin mutane, wanda ya ga dattijai mata biyu da hijabi da casbi da sassafe sai dai ya ce ina kwananku Hajiya. Kaya ma ba ta sake komi ba, zanenta da hijabinta, dogon wandon nan na sal a ciki, sai basket ɗin da ya rage mata daga asarar farko. Takalmin yana da muhimmanci, da silifas ta fara fita tafin ƙafarta ya yi ciwo a kan pabe.

Gwiwa fa ba ta bari da wuri ba. Inna tsoronta kar tafiya ta ƙarasa cinye ta, mutane da yawa haka suke zato, alhali gwiwar da ta fara ciwo irin na girma da nauyi zama ne ke ƙara mata tauri, abin da ke taimakonta shi ne naman cinya ya yi ƙarfi ya ɗauke mata wani kaso na nauyin. Likitar ta nuna mata abu uku kuma duk a shago ko a ɗaki ake yinsu. Ta zauna kan kujera ta miƙe ba tare da dafa komi ba sau takwas zuwa goma, ta huta ta sake. Ta dafa bango ta tura jikinta. Ta riƙe gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi kowane hannu ta ɗaga ta sauke. Talata da Juma'a take yi, da safe in ta buɗe shago kafin masu saye su fara zuwa. Ranar farko sau biyar ta iya miƙewa ba dafawa, cinya na rawa. Yaron shago ya yi dariya ta kore shi ya sayo ƙanƙara, daga baya shi ke ƙirga mata.

Madam ce ta kawo na bayan abincin dare, ta ce ita in ta ci tuwo ba ta zama, sai ta yi ta kai da kawo minti goma. Dalilin a fili yake, naman jiki in yana aiki yana jan sukari daga jini ya ƙona, har ba ya buƙatar insulin sosai a lokacin, to in ka motsa bayan cin abinci sukarin ba ya hawa can sama. Kuma amfanin motsi ga sukari kwana ɗaya zuwa biyu yake yi ya gushe, shi ya sa ake cewa kar a jera fiye da kwana biyu ba a motsa ba, shi ya sa kuma tsarin Asabar da Lahadi na estad ko da gwiwa ba ta kumbura ba bai kai wannan ba. Da dare tsakar gidan da ta raina da safe ya isa, minti goma ne, tana yi tana ma yara faɗan su kwashe kwanoni.

An samu wata tangarɗa da ta kusa tsaida komi. Idon sawunta ya fara kumbura da yamma, nan da nan ƴan uwa suka ce tafiyar nan ce, ki bari. Ta koma wajen likita, ashe maganin tansiyon ne, amlodipin, an san shi da kumbura ƙafa ga wasu mutane. Aka gyara mata maganin kumburin ya sauka. Da ta bi maganar gida da ta aje tafiyar ta ci gaba da shan abin da ke kumbura ta.

Maganar mutane kuwa ita ce ta fi komi nauyi, ta fi gwiwa ta fi zafi. Da fuskarta ta ɗan faɗa wuyan riga ya saki, a wajen buki wata ta jawo ta gefe ta ce Hajiya lafiya kuwa, ko wani abu na damunki a gida. Wata ta ce ko kasuwa ce ta karye. Har Tawa labari ya kai, kakarmu ta kira a waya hankali tashe ta ce an ce kin rame, Alhaji aure za shi ƙara ne ko ciwo kike ɓoye muna. A wajenmu ƙibar matar aure shaida ce ta miji na riƙo da kyau, kuma ban raina wannan tunanin ba don daga inda aka san yunwa ya fito, mutanen Adar sun ga fari sun ga shekarun da rumbu ya ƙare tun kafin damina, wanda ya ga haka dole ya ga jiki a matsayin rufin asiri. Amma tsohuwar da ke wannan faɗan ita kanta siririya ce, ta haura saba'in tana zuwa gona da ƙafarta, ba ta san tansiyo ba. Inna ta ce mata Iya tahiyar da kike yi kullum ita likita ya rubuta min, ba wani abu ba. Tsohuwa ta yi dariya ta ce to Yamai ta lalace in har tahiya sai an rubuta ma mutum.

Kowane lokaci na shekara da irin gyaran da ya sa su yi. Da hunturu ƙura ke tashi ga sanyin safe, sai su ɗan makara su rufe hanci da takunkumi, ranar da hazo ya yi yawa har ba a ganin gaba sosai su haƙura don Madam na da tari. Da bazara ko da asuba iskar ɗumi gare ta, sai su fita da zarar an fara gani, su rage nisa, kowa ya sha ruwa kafin ya fita ya riƙe gora. Damina ce mai wuya, lungunmu in an yi ruwa tabki yake zama kwana biyu, to ranakun nan a barandar Madam suke yi, kai da kawo da tashi-zauna a kujera. Da azumi suka bar safiya gaba ɗaya suka maida shi dare, suka zaɓi masallacin da ya fi nisa don asham, zuwa da dawowa da ƙafa ya ba su kusan minti talatin ɗinsu.

Ta taɓa yankewa, kuma yankewa mai tsawo. Rasuwa aka yi mana a Tawa ta tafi ta yi makonni, zaman makoki kuwa zama ne daga safe har dare ga abinci na shigowa daga kowane gida. Da ta dawo jiki ya yi nauyi zuciya ma ba daɗi, sati ya wuce ba ta fita ba, na biyu ya kama. Irin wurin da gwajin baya suka mutu kenan. Madam ba ta yi mata wa'azi ba, kawai ta zo da sassafe ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce Hajiya ina jiranki, ta tsaya a waje. Kunya ta fito da Inna. Ranar masallacin farko kawai suka kai suka juyo, kamar masu farawa, cikin sati biyu suka koma inda suke. Wani bincike da aka yi a Landan aka fitar a 2009 ya nuna sabon hali kafin ya zama jiki yakan ɗauki wajen kwana 66 a tsakaice, wasu 18 wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe komi ba. Abin da na gani a gidanmu ya yi daidai da haka, har ma fiye, wata guda ta rasa kuma ta dawo, don akwai mai ƙwanƙwasa ƙofa kuma akwai ƙaramin mataki da za a koma a fara daga shi ba tare da jin an faɗi ba.

Yanzu an haura shekara. Tansiyonta yana yawo tsakanin 13/8 da 14/9, da magani fa, ba a cire mata ba kuma likita ba ta ce za a cire ba. Sukari ya dawo 1,04. Kilo kuwa shida kawai suka sauka, daga 94 zuwa 88, kuma ita wannan yana ɗan ɓata mata rai don ta so ta ga fiye. Ni ban ga abin rainawa ba. A Amurka an yi wani babban bincike da aka fitar a 2002 kan mutanen da ke bakin ƙofar ciwon sukari irinta, waɗanda aka sa su motsa jiki minti 150 a sati su kuma rage wajen kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin ɗari in an gwada da waɗanda ba su yi ba. Kilo shida cikin 94 ya kusa wannan kason. Barcinta ya gyaru, ciwon ƙeya sai jefi-jefi, tana sauka taksi tun kafin kasuwa ta ƙarasa da ƙafa in rana ba ta yi zafi ba. Kujerar salla ta koma wajen baƙi, tana sujada a ƙasa, zaman tahiya ne dai har yanzu takan ɗan miƙe ƙafar dama.

Abinci ne ba a ci nasara ba tukuna. Gishiri ya ragu a tukunyar gida amma na kasuwa ba ita ke dafawa ba, lemun kwalba ta rage daga kullum zuwa wani lokaci, a buki kuwa in an aje mata faranti ba ta iya maidawa don kar a ce ta raina. Shayin Alhaji na dare ma da sukarinsa take sha. Likita ta ce mata a fili tafiya ba za ta goge abin da baki ya ci ba, in tana son kilo su ƙara sauka nan ne aikin yake.

Sai kuma babbar damuwar da ke gabanmu, ɗan Madam da ke aiki a Maradi ya matsa sai ta koma wajensa bayan salla, kuma da alama za ta tafi. Inna ta fara neman wadda za ta maye gurbinta, ta yi ma mata biyu na layinmu magana, ɗaya ta fito sau biyu ta ce ita barcin safe ba ta iya barinsa, ɗayar mai jego ce sai nan gaba. Ta yi ma Alhaji tayi tunda shi ma cikinsa ya fito kuma rabonsa da auna tansiyo an daɗe, ya ce shi tafiyar masallaci ta ishe shi, masallacin kuwa gida uku ne tsakani. Ni na ce zan riƙa raka ta ranakun da ba ni da darasin safe, Litinin da Alhamis da ƙarshen sati, sauran kwanakin ne ba mu san yadda za a yi ba, ita kuma ta ce in ta kama ta fita ita kaɗai za ta fita tunda yanzu duk masu shagunan hanyar sun san ta, amma Alhaji bai amsa wannan ba tukuna.